Bayan Ruwa Ya Janye: Yadda Za Ku Riƙe Ɗan'uwan Da Ambaliya Ta Ci Gidansa

Wanda ambaliya ta ci gidansa ba ya rasa mutane a makon farko. Masu jaje suna ta sallama, waya ba ta hutawa, wannan ya kawo tabarma, wancan ya kawo kwanon shinkafa. Kaɗaici yana kama shi ne bayan wata ɗaya ko biyu, sa'ad da kowa ya koma harkar gabansa, gidajen rediyo suka kama wani labarin, shi kuwa ya koma ya tarar da laka ta bushe a tsakar ɗakinsa, ga bashin jari a wuya, ga yara sun daina barci. A wannan lokacin ne zuciya take karyewa, kuma abin da ake bukata a yi wa mutum a lokacin bai fi ƙarfin talaka ba.

Ni malamar firamare ce a Maiduguri. Abin da zan faɗa na koye shi ne a cikin gidana da ajina, da kuma bakin ma'aikatan lafiya da suka yi ta zagaya sansanoni suna wayar mana da kai bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau. Cikin daren 9 ga Satumba 2024 ruwan ya taso, kafin wayewar garin Talata ya shanye Gwange da Fori da Gamboru da Shehuri, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Katangar gidan yari ta faɗi, mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu, aka yi ta gargaɗin mutane su yi hattara da kadoji da macizai. Mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Manya suka ce rabon garin da irin wannan ruwa tun 1994. Gidanmu yana kan tudu, ruwan bai iso mu ba. Yayata da mijinta da 'ya'yansu biyar suka taho mana daga Gwange da kayan jikinsu kawai, suka yi watanni a wurinmu.

Na tabbata mutanen Mokwa da ruwa ya afka wa a ƙarshen Mayun 2025, da iyalan waɗanda tankar mai ta ƙone a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, da duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa yana kallon rumfarsa tana ci da wuta, za su gane abin da nake nufi.

Ciki da makwanci tukuna

Kada ku fara da wa'azi ko dogon lallashi. Mutumin da bai san inda 'ya'yansa za su kwana yau ba, kunnensa a toshe yake. Ku fara da ruwan sha mai tsabta, abinci mai ɗumi, busasshen wurin kwanciya, gidan sauro, sabulu. Wannan koyarwar addini ce ma: da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su.

Ku daina cewa "idan kuna bukatar wani abu ku faɗa." Ba za su faɗa ba. Mai gida da jiya yake ciyar da mutum goma ba zai buɗe baki ya ce ba shi da wando na biyu ba. Ku kalli abin da babu, ku kawo, ko ku ba da zaɓi: "Yaya, gobe zan shiga kasuwa, atamfa za ki fi so ko yadi?" Mata su tuna da abin da maza ba za su tuna ba, wato audugar mata da ɗan kamfai da zanen goyo. Budurwa za ta iya kwana uku tana fama da tsumma ba ta gaya wa kowa ba.

Tambaya ɗaya da nake roƙon kowa ya yi a ranar farko: wa yake shan magani kullum a cikinku? Ruwa yana tafiya da ledar magani kamar yadda yake tafiya da katifa. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai farfaɗiya, mai tarin fuka, mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da wanda dama yake karɓar maganin ƙwaƙwalwa, duk yanke musu magani farat ɗaya haɗari ne. Wasu ba za su faɗa a gaban jama'a ba, sai ku ja su gefe. Ku raka su asibiti a sake rubuta musu.

Sai waya da takardu. Ku yi musu caji, ku sa musu kati, su kira danginsu su ji muryar juna. Rashin sanin inda wani yake ya fi yunwa hana barci. Takardu kuwa, kada ku raina yadda suke cin rai. Babbar 'yar Yaya ta fi yin kuka a kan sakamakonta na NECO da ya zama dusa a cikin akwati fiye da kayan sawarta. Ku zauna da su da biro da takarda, ku rubuta abin da ya ɓata: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, katin banki, takardar fili, takardun makaranta. Ku gaya musu yawancinsu ana sake samu, wasu da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu. Ku ɗauki ɗaya a mako, ku tafi tare. Asara idan tana yawo a ka ba ta da iyaka. Da an rubuta ta a takarda sai mutum ya ga ta inda zai fara.

Zama da mutum

Mu Hausawa mun iya gaisuwar jaje. "Sannu. Ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da mafificin alheri, Allah ya kiyaye gaba." Wannan ya isa, kuma yana da kyau. Inda muke ɓata abin shi ne abin da muke ƙarawa a kai.

"Ki gode wa Allah da kika tsira da ranki." Ta sani, kuma ta gode. Abin da take ji a cikin wannan maganar shi ne an hana ta baƙin cikin kayan ɗakinta da ta tara shekara ashirin. "Ai naku da sauƙi, su wane har yaro suka rasa." Yanzu kun ɗora mata kunya a kan ciwonta. Mafi muni, "zunubanmu ne suka jawo." Ko da malami zai ja hankalin al'umma a kan mumbari, ba a kunnen matar da ɗanta ya suɓuce daga hannunta cikin ruwa za a faɗi wannan ba, domin dama dare da rana tana tuhumar kanta.

Kuka kuma ba raunin imani ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Don haka idan ta fashe da kuka, ku matso, ku dafa kafaɗarta idan ya dace tsakaninku, ku bar ta ta yi. "Yi haƙuri" ana faɗinsa don rarrashi. Kada ya zama hanyar rufe wa mutum baki.

Kada ku matsa wa kowa ya ba ku labarin daren. Mu masu son jin ƙwaƙwaf ne: ina ruwan ya kai, wa ya fara gani, ta yaya kuka fita. Kowane baƙo ya zo sai an maimaita masa, kuma kowace maimaitawa tana mayar da mutum cikin ruwan. Ma'aikatan lafiya sun gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina goyon bayan tara waɗanda masifa ta shafa a zama guda a sa kowa ya fayyace abin da ya gani, domin ba a ga amfaninsa ba, wasu ma yana dagula musu. Littafin da hukumar ta fitar tare da wasu ƙungiyoyi a 2011 kan agajin gaggawa ga zuciya ya taƙaita aikin a abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. Idan shi ya fara maganar da kansa, to ku ajiye waya, ku saurara har ya kai aya, ko da karo na goma ke nan yana faɗa. Kada ku katse shi da labarin wani abin da ya taɓa samunku. Idan ya yi shiru, ku yi shiru tare da shi. Yaya ta fi sakin jiki da ni lokacin da muke tsinke zogale, hannu yana aiki, ido ba ya kallon ido. A nan ta gaya mini yadda ta ɗora autanta a kan wuya, ruwa yana dukan haɓarta, tana jin wani abu yana gogar ƙafarta ba ta san ko mene ne ba.

Abin da aka gaya muku amana ne, kada ya fita a gidan biki. Kuma don Allah, idan za ku ba mutum taimako, ku bar kyamara a aljihu. Na ga dattijuwa ta juya baya ta bar layin rabon abinci don kada jikokinta su gan ta a Facebook da roba a hannu.

Abin da jiki yake yi bayan firgici

Makonnin farko Yaya da hijabi take kwana, takalmanta a gefen filo, jakar hannu a ƙarƙashin kai. Ƙarar famfo idan tankin maƙwabta ya cika ya fara zuba sai ta miƙe zumbur. Ga ciwon kai, ga faɗuwar gaba, ga mantuwa, ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Wata rana ta ce mini a hankali, "Anya ba taɓuwa nake yi ba?"

Amsar da ya kamata ku iya bayarwa ita ce: a'a, jikinki ne bai yarda haɗarin ya wuce ba tukuna. Rashin barci, mugun mafarki, razana da ƙaramin motsi, saurin fushi, rashin cin abinci, jin kamar abin yana sake faruwa, ko jin zuciya ta bushe ba dariya ba kuka, duk sanannun abubuwa ne bayan masifa. Yawancin mutane suna samun sauƙi da kansu cikin makonni zuwa watanni, matuƙar suna da wurin zama mai aminci da mutane a kusa. Masu binciken wannan fanni sun daɗe da lura cewa rashin mai tallafa wa mutum bayan abin ya faru yana cikin manyan abubuwan da ke sa firgici ya zauna ya zama ciwo. Jin wannan bayanin kaɗai yana rage tsoron, domin tsoron haukacewa wani nauyi ne daban.

Idan gabanta ya fara faɗuwa, numfashi yana sarƙewa, ku zaunar da ita, ƙafa a ƙasa. Ta ja iska ta hanci a hankali, ta sake ta ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ku yi tare da ita don ta bi naku. Ku ce ta faɗi abin da take gani a ɗakin: labule, buta, agogo, kalanda. Ku kira sunanta, ku gaya mata inda take, ku ce ƙasa a bushe take. Mai tasbihi ya ja carbinsa a hankali da numfashin. Da dare a rage shayi mai kauri da goro, a bar fitila ƙarama a kunne idan duhu ne matsalar. Ban taɓa hana ta kwana da hijabin ba. Ita ta cire shi da kanta da lokacinsa ya yi.

Ku kiyayi kemis. Abu mafi sauƙi shi ne a aiki yaro ya sayo ƙwayar barci irin su baliyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa; ba sa warkar da abin, kuma jiki yana sabawa da su har ya kasa barci sai da su.

A Maiduguri akwai wani ƙarin nauyi. Da yawa daga waɗanda ruwa ya kora dama 'yan gudun hijira ne daga Bama da Gwoza da Dikwa da Konduga, waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu. Wasu sun taɓa zama a sansanin Bakassi, aka rufe shi, suka kama haya suka fara tsayawa da ƙafafunsu, sai ga shi ruwa ya mayar da su cikin wannan sansanin. Gudun dare da ihun mutane ya tono musu na baya. Irin waɗannan, da waɗanda suka rasa rai ko suka ga gawa, da tsofaffi masu zaman kansu, da masu juna biyu da masu jego, da naƙasassu, su za ku fi sa wa ido. Haka matar da ke takaba: wata huɗu da kwana goma a gidan da ba nata ba, bayan an yi sadakar arba'in kowa ya watse, tana bukatar mai leƙa ta.

Yara

Yaro ba zai ce yana cikin damuwa ba. Ɗan shekara takwas zai koma fitsarin kwance. 'Yar shekara huɗu za ta riƙe zanen uwarta har banɗaki. Wani zai zama mafaɗaci, wani ya yi tsit. A ajina, da hadari ya haɗu sai in ga idanu sun bar allo sun koma taga, wasu su fara haɗa littattafai ba wanda ya ce su tashi.

Kada a doke su a kan fitsarin, kada a yi musu waƙar tsiya. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, a tashe su sau ɗaya cikin dare, a wanke da safe ba surutu. Idan kun ga suna wasan ambaliya, sun gina gida da ƙasa suna kwara masa ruwa suna ihu, ku bar su, ta nan suke fitar da abin. Ku ba su fensir da takarda. Idan sun yi tambaya, ku ba su gaskiya daidai kansu: ruwan sama ya yi yawa, madatsa ta fashe, ba laifin kowa a gidan nan ba ne, yanzu muna wurin da ruwa ba ya zuwa. Wannan kalmar ta "ba laifinka ba ne" ku faɗe ta a fili, domin yaro yana iya ɗauka rashin jinsa ne ya jawo. Wanda ya rasu kuma kada a ce ya yi tafiya. Yaron zai yi ta jiran ƙofa, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da ku.

Ku hana su kallon bidiyon ruwan a waya. Ku mayar da su makaranta da Islamiyya da wuri, ko babu yunifom, ko da makarantar unguwar da suka sauka ce. Lokacin cin abinci, lokacin wanka, lokacin barci, su zama ɗaya kullum. Malamai 'yan'uwana, ku sassauta bulala a wannan zangon. Yaron da ya manta haddarsa ba taurin kai yake yi ba.

'Yan mata a sansani ko a gida mai cunkoso, kada su je banɗaki da dare su kaɗai, kuma a kula da masu zuwa da taimako suna neman wani abu a madadinsa. Idan kun ji uba yana maganar aurar da yarinya don a rage baki, ku nemi wanda yake jin maganarsa ya ba shi haƙuri, ku kuma rage masa nauyin da ya kai shi ga wannan tunanin.

Maigida

Mijin Yaya tela ne. Kekunansa biyu da yadudduka na mutane duk sun tafi. Bai yi kuka ba, bai yi magana ba. Da asuba zai fita, sai bayan isha'i ya dawo, don kada a miƙa masa tuwo a gidan ƙanwar matarsa. Ƙaramin abu sai ya daka wa yara tsawa, mutumin da a da ba a jin muryarsa.

Namiji a wurinmu ba zai zauna ya ce zuciyata ba daɗi ba, kuma idan kuka tsare shi da tambaya gudu zai yi. Abin da yake ci masa rai shi ne hannunsa ya zama na karɓa. Maigidana ya gane wannan kafin ni. Ya aro keken ɗinki wurin wani abokinsa, ya ajiye a zaure, ya kawo yadin yunifom na yaranmu ya ce, "Yaya, taimaka mana da waɗannan, telanmu ya cika saɓa alkawari." Ya biya shi kuɗin ɗinki kamar kowa. Ranar da mijin Yaya ya shigo da ledar kifi da kuɗin hannunsa, ranar ya zauna ya ci abinci tare da mu.

Don haka ku nemi hanyar mayar wa mutum da sana'arsa, ko ƙanƙanuwa ce. Mai ƙosai a haɗa mata kasko da wake da mai. Mai injin markaɗe a kai injin wurin bakanike. 'Yan adashi su ba wadda abin ya shafa kwasar farko, su ɗaga mata zubi na wata biyu. Mai bin bashi ya jinkirta, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya jinkirta, don kada mutum ya riƙa canza hanya idan ya hango shi. Ranar kwashe laka da gyaran katanga a yi gayya, samarin unguwa su fito da shebur da baro, kada a bar mutum ya shiga kangon gidansa shi kaɗai a karon farko. Abokan majalisa su je su ɗauko shi idan ya daina zuwa. Su kuma sa ido: wanda ya fara tiramol ko maganin tari ko wiwi don ya samu barci, da wanda ya fara ɗaga wa matarsa hannu, yana bukatar a tare shi da wuri, a kuma kare matar da yaran.

Baƙuwar da ke gidanku ma haka. Ku ba ta murhu ta yi girki, ku bar ta ta yi wa 'ya'yanta faɗa da kanta, ku rataya labule ko da ɗaki ɗaya ne don ta samu inda za ta juya baya. "Zauna ki huta" na kwana biyu ne. Bayan nan zaman banza tunani yake kawowa.

Ku riƙa komawa

Zumunci a ƙafa yake, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk abin da na faɗa. Ku zaɓi gida ɗaya ko biyu, kada ku ce za ku ɗauki unguwa. Ku sa rana, misali kowace Juma'a bayan la'asar, ku je, ko da hannu rabbana. Ranar da ba za ku samu zuwa ba ku kira. Alkawarin da ba za ku iya cikawa ba kada ku ɗauka, domin wanda ya rasa komai yana riƙe ƙaramar magana da hannu biyu. Dangi su raba nauyin: wannan kuɗin makaranta, wannan rakiya asibiti, wannan bin sunansu wurin bulama ko mai unguwa idan ana rajistar tallafi. Limamai da fastoci, ƙungiyoyin mata na Islamiyya da zumuntar mata a coci, su riƙe jerin gidajen da abin ya shafa su riƙa bi, musamman da azumi da Sallah da Kirsimeti, lokacin da rashin abin da aka saba yake fitowa fili.

Ku da kuka sauki baƙi, za ku gaji, kuma gajiyar ba rashin imani ba ce. Mutum bakwai sun ƙaru a kan tukunya da banɗaki ɗaya, dole wata rana rai ya ɓaci. Ku zauna tun farko ku yi magana a kan cefane da aikin gida da kwanan yara. Ku nemi wani a dangi ya karɓi yaran na yini guda. Ke ma ki samu wadda za ki gaya wa abin da kika ji, domin labaran da kike saurara suna bin ki har makwanci.

Lokacin da za a tafi asibiti

Akwai inda ƙaunar dangi take tsayawa. Idan an haura wata guda abin bai ragu ba ko ƙaruwa yake, mutum ba ya barci, ba ya iya aiki ko kula da yara, ya daina wanka, ya daina shiga mutane, yana ramewa, to a kai shi a duba shi. Ciwon damuwa da ciwon firgici bayan masifa suna da magani, na zama da ƙwararre a yi magana da kuma na sha idan ya kama.

Wasu alamun kuma ba a jira wata. Wanda ya rikice bai san inda yake ba, ko yake jin muryoyi, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko mai jegon da ta ƙi jaririnta, a ranar za a tafi. Idan rikicewar ta zo da zazzaɓi, a fara da asibiti mafi kusa, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana taɓa kai. Wanda kuma yake cewa "gara ma in mutu in huta," ko "da ruwan ya tafi da ni," kada ku ce masa kawai ya yi istigfari ku wuce. Ku zauna ku tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji an ba shi ƙofar magana. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti.

A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga. Akwai irinsa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Wanda yake nesa ya fara da asibitin da ke kusa da shi ya nemi a tura shi gaba. Tun Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda ta tanadi mutunci da haƙƙin mara lafiya. Na san abin da yake hana mutane zuwa: kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, kada 'ya'yansu mata su rasa miji. Don haka kada ku ce masa "je ka." Ku ce, "Zo mu je a duba wannan rashin barcin," ku shiga Keke Napep ɗaya, ku zauna da shi a layi, ku kuma rufe bakinku bayan kun dawo. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, a haɗa su. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ɗaure mutum da mari, ko a doke shi, ko a turara masa hayaƙi har ya shiɗe da sunan fitar da aljani.

Idan damina ta sake kewayowa

Ku sa ran abin zai motsa. Hadarin farko, ƙamshin ƙasa, shigowar watan Satumba, duk suna iya dawo da rashin barcin ga wanda kuka ɗauka ya warke. Ku gaya musu tun kafin lokacin don kada su zaci sun koma baya. Sannan ku yi shiri tare, domin shiri yana rage tsoro: takardu a leda mai kauri a rataye a sama, hotunansu a waya, magani na mako biyu a jaka ɗaya, tocila, lambobin waya a rubuce a takarda, da sunan gidan da za a nufa idan an ce a tashi. Yara ma su san gidan da hanyarsa. A riƙa sauraron sanarwar hukuma a rediyo, a daina yaɗa saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku kira su kafin su kira ku, ku tambayi yadda layinsu yake, ku ce idan suna so su taho su kwana a wurinku.